Keke Mara Giya Na Zuwa Aiki: Tambayoyi Da Amsoshi Kafin Ka Cire Kuɗinka

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota da na adaidaita sahu suka yi sama, mutanen da suka manta rabonsu da hawa keke tun suna sakandare suka dawo suna cigiyar wanda za su riƙa zuwa aiki da kasuwa da makaranta da shi. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, to ga su nan da abin da na sani a kai.

Wai mene ne ma keke mara giya ɗin?

Shi ne keken da muka taso muka gani, irin na malamin makaranta da mai gyaran rediyo da ɗan kamasho. Faranti ɗaya mai haƙora a gaba wajen feda, firi ɗaya, wato ƙaramin faranti mai haƙora, a ƙafar baya, kaca ta haɗa su, shi ke nan. Babu wani abin latsawa ko murɗawa a kan keken da zai sauya maka nauyin feda, yadda ka same shi da safe haka za ka dawo da shi da yamma. In ka daina tuƙi ƙafa tana ci gaba da juyawa kana jin ƙarar nan ta tik-tik-tik, wannan aikin firi ne. Akwai wani ɗan'uwansa da samarin Turai da Amurka suke yayi wanda ake cewa fiksi, shi ba shi da firi kwata-kwata, matuƙar ƙafar baya tana juyawa to feda ma tana juyawa, ba hutu. Wannan ba na zuwa aiki ba ne a titinmu, na wasa ne da nuna gwaninta, in ka ga irinsa a cikin na hannu ka juya feda baya ka ga taya ta bi ta, to ka sa a ɗaura maka firi kafin ka hau.

Ga mai giya nan birjik a kasuwa, me zai sa in sayi wanda ba shi da ita?

Saboda yawancin masu giyar da ake kawo mana, giyar ta riga ta mutu tun kafin su iso, ko kuma sabo ne mai arha wanda giyarsa ba ta kai damina ɗaya. Ka tsaya bakin titi a Kano ko Zariya ka ƙirga kekunan da suke wucewa masu giya, za ka ga kacar tana zaune a wuri ɗaya ta yi tsatsa a sauran haƙoran, wayar giya ta tsinke an naɗe ta a jikin ƙarfe, wato mutum yana hawa keke mara giya ne amma yana ɗauke da nauyin giya da matsalarta. Ɗan ƙarfen nan da yake rataye a baya mai ƙananan tayoyi biyu, faɗuwa ɗaya ko wani ya jingina mashin a jikinsa a wurin ajiya, ya lanƙwashe, daga nan sai kaca ta fara tsalle, wata rana ma ya shige cikin sifok, siraran wayoyin nan na ƙafa, ya tsayar da kai tsakiyar titi.

Mara giya ba shi da duk wannan. Kacarsa ta fi kauri, tana tafiya a miƙe ba ta karkata, don haka tana daɗewa, ƙafar bayansa ma ta fi ƙarfi don sifok ɗin ɓangare biyun a daidai suke ba a matse gefe ɗaya don a bar wa giya wuri ba. Babban abin da ya fi komai a wurina kuma shi ne duk mai gyaran da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya a unguwarku ya san shi ciki da waje, kuma kayansa suna rataye a shagonsa. Keken zuwa aiki ba wanda ya fi kyau ake nema ba, wanda in ya lalace ƙarfe bakwai na safe za a gyara shi kafin bakwai da rabi ake nema.

To akwai wanda bai kamata ya saye shi ba?

Akwai. In kana Jos ko Abuja ko wani gari mai hawa da gangara, kuma hanyarka ta kullum tana da doguwar hawa, gaskiya nemi mai giya mai kyau ka huta, ba jarumta ba ce ka riƙa sauka kana tura keke da kayan aiki a jikinka. Haka mai ciwon gwiwa, taka feda mai nauyi daga tsaye kullum ba ya yi wa gwiwa daɗi. Amma Kano, Katsina, Maiduguri, Sakkwato, Maraɗi da ire-irensu shimfiɗe suke, abin da zai sa ka haki bai wuce hawan gadar sama ba ko iskar hunturu in ta tare ka ta gaba. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 zuwa 12 ba a irin wannan ƙasar, mara giya ya ishe ka har da ragi.

Iri nawa ne zan tarar a kasuwa?

In aka bar maganar suna, kashi uku ne.

Na farko baƙin keken nan na gargajiya mai ƙafa inci 28 da birkin ƙarfe da kariya ta ɗora kaya a baya, irin su Phoenix da ake yi a Shanghai da Flying Pigeon na Tianjin a China, da Hero da Avon na garin Ludhiana a Indiya. Dukkansu samfurin tsohon keken Ingila suka kwaikwaya, su Raleigh da Hercules. Yana da nauyi, wajen kilo 20 ko fiye, in gidan bene kake zaune za ka ji a jikinka, amma in ya ɗauki gudu a kwalta ga daɗi, manyan ƙafafun suna haɗiye ƙananan ramuka, kana zaune a miƙe kana ganin titi, kuma shi ne jakin kaya, buhun masara ko jarkokin ruwa ba sa ba shi tsoro.

Na biyu ɗan Japan na hannu, wanda a can iyaye mata ne suka fi hawa zuwa cefane da kai yara makaranta. Za ka gan shi da kwando a gaba, murfin kaca, makulli a manne a ƙafar baya, fitila mai dainamo, ƙarfen tsakiya a sauke ƙasa, sunaye irin su Bridgestone da Panasonic da Miyata. Fedarsa ba nauyi, bai kai baƙin keke gudu ba amma a cikin gari inda kowane minti sai ka tsaya ka tashi, ni a ganina babu kamarsa, in dai ka samu mai lafiya kuma ka tabbatar ana samun tayarsa a kusa da kai.

Na uku tsohon keken tsere ko na hawan dutse da aka cire wa giya aka gajarta kaca. Wannan sa'a ce, wani ya fi duk sauran sauƙi da gudu, wani kuma ciwon kai ne, za mu zo kansa.

Raleigh fa? Babana ya ce nasa ya shekara talatin.

Gaskiya ya faɗa maka, kuma watakila har yanzu ƙarfen yana nan a zaure. Raleigh kamfanin garin Nottingham ne a Ingila, kuma ya taɓa samun masana'anta a nan Kano, shi ya sa sunan ya zauna a bakin mutane har ya zama abin da ango yake alfahari da shi. Amma fa sitika ba ita ce keke ba, yau kowa zai iya manna tambarin da ya ga dama a jikin ƙarfe mara kauri. In ka samu tsohon Raleigh na asali wanda jikinsa bai tsage ba bai lanƙwashe ba, saye shi ka sa masa sababbin taya da kaca da boris, ya fi sabo da yawa. In kuma sabo ne fil a leda da sunan a jiki, to ka duba shi kamar yadda za ka duba kowane keke, kar sunan ya sa ka ƙara ko sisi.

Sabo ko na hannu?

Sabo mai matsakaicin kuɗi ko na hannu mai kyau, duk biyun sun yi. Abin gudu shi ne sabo mafi arha a layin, araha ba ta ado. Sannan ka sani sabon baƙin keke a kwali yake zuwa a wargaje, a nan ake ɗaura sifok a haɗa komai, don haka ingancinsa rabi na kamfani ne rabi na yaron da ya haɗa shi. Sau da yawa ba sa sa giris yadda ya kamata, sifok kuma a sake. Ka kai shi wurin mai gyaran da ka yarda da shi a kwance boris na ƙafafu da na feda da na wuya a cika giris, a ɗaure sifok, bayan sati biyu ko uku ka koma a sake ɗaurewa don sabuwar ƙafa tana saki.

Tunda giya ɗaya ce, ai duk nauyin fedarsu ɗaya ko?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin asara ba su sani ba, su sayi keke su ce ya cika nauyi su jingine shi, alhali ƙaramin abu ne za a canja. Ka durƙusa ka ƙirga haƙoran farantin gaba, ka ƙirga na firi, galibi ma an rubuta adadin a jikin firin. Baƙin keke yawanci 44 ne a gaba, wani 46 ko 48, baya kuma 18 ko 20. In 44 da 18 ne a ƙafa 28, duk zagaye ɗaya na feda zai kai ka kusan mita biyar da rabi, in kana zagaye ɗaya a daƙiƙa ka kusa kilomita 20 a awa ke nan, wanda ya yi wa saurayi mara kaya a kwalta daidai. Ka mayar da firin 20, zagayen ya koma kusan mita 5, tashi daga tsaye ya yi sauƙi, gadar sama ta daina zama abin fargaba. Ka sa 22 ya koma mita huɗu da rabi, wannan na mai kaya ne ko mai goyon yara biyu ko mai bin hanyar rairayi. Ɗan Japan yakan zo da ƙaramin faranti kamar 32 ko 33 da 14 a baya, shi ya sa kake jin shi sakayau.

Dokar a taƙaice, ƙarin haƙora a baya sauƙin feda da raguwar gudu, ragin haƙora a baya nauyin feda da ƙarin gudu. Ni shawarata ga mai zuwa aiki ya karkata wajen sauƙi, domin a cikin gari danja da cunkoso da 'yan adaidaita ba za su bar ka ka more gudun ba, tashi da tsayawa za ka yi ta yi, kuma wanda yake juya feda mai sauƙi da sauri ya fi wanda yake danna mai nauyi isa ofis ba zufa. Firi ba shi da tsada, canja shi aikin mintoci ne, sai dai in ka ƙara girmansa watakila a ƙara wa kaca gaɓa ɗaya ko biyu.

Mai shago ya ce taya 28 ce, na saya ta ƙi shiga. Me ya faru?

An sha yin wannan rigimar a bakin shago, kuma ba laifin kowa ba ne, lambobin inci ɗin ne ba su da amana. Ka duba gefen tsohuwar tayarka za ka ga wata lamba mai kashi biyu kamar 40-635, ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu ita ce girman wilin da take zama a kai, kuma ita kaɗai ce abin dogaro. Baƙin keke 635 ne, shi ake rubuta wa 28 x 1 1/2. Amma kekunan Turai na hannu da yawa su ma an rubuta 28 alhali 622 ne, tayar Phoenix ba za ta zauna a kansu ba ko da za ku kwana kuna fama. Abin dariya ma wanda ake kira 27 shi 630 ne, wato ya fi wancan 28 ɗin na Turai girma. Haka 26 ma biyu ce a kasuwarmu, ta keken hawan dutse 559, ta ɗan Japan mai 26 x 1 3/8 kuma 590.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin keke, karanta lambar, ka taka zuwa wurin mai kayan keke na unguwarku ka ce masa malam kana da wannan? In ya ce sai an aiko daga Legas ko sai an duba Sabon Gari, to ka yi tunani sau biyu. 635 da 559 su ne ba ka rasa su ko a ƙauye ranar kasuwa. Ka duba bawul ma, in siririn nan ne dogo mai ɗan noti a kai irin na keken tsere, famfon mai faci ba lallai ya kama shi ba sai da ɗan abin haɗi.

Yaya zan gane keken daidai tsawona ne?

Ka tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, ƙarfen tsakiya a tsakanin cinyoyinka, ya kamata a samu ɗan tazara ko da yatsa biyu ne, in yana taɓa ka to ranar da ka taka birkin gaggawa za ka gane kurenka. Baƙin keke yakan zo da jiki inci 22 da 24, kuma mutane suna son 24 don ya fi kwarjini alhali mai matsakaicin tsawo 22 ne nasa. Sannan ka hau sirdi ka sa dunduniya a feda lokacin da take can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai, in ka mayar da gaban tafin ƙafa sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, wannan shi ne tsawon sirdi. Yawancin mutane sirdinsu ya yi ƙasa da yawa don suna so su dafa ƙasa daga zaune, shi ne yake kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya, a mara giya kuwa abin ya fi tsanani. In sai an zaro sandar sirdi har ta wuce layin da aka zana a jikinta kafin ya yi maka daidai, keken ya yi maka kaɗan, bar shi.

Na je wurin 'yan na hannu, me zan duba?

Da farko kar ka je da magariba, kuma kar ka saya ta hoto a WhatsApp, zuwa da kai ya fi aike. In da hali ka tafi da mai gyaranka ka biya shi ladan rakiya.

Fara da jiki don shi ne ba a canjawa. Ka shafa yatsa a ƙarƙashin ƙarafunan nan biyu daidai inda suka haɗu da wuya, in ka ji ɗan kumburi ko ka ga fenti ya yi tamoji ya tsattsage a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba. Ka koma gefe ka kalli cokali mai riƙe da ƙafar gaba, saman sa ya kamata ya bi layin wuya a miƙe, in ya ja baya ya lanƙwashe ke nan. Sabon fenti a tsohon keke ka yi masa kallon tuhuma, ka leƙa mahaɗai ko an yi walda an shafe. Tsatsar sama ba komai ba ce, wadda take ɓarɓashi in ka sa farce ita ce matsala, musamman ƙasan wurin feda inda ruwa yake kwanciya.

Sai ka ɗaga gaba ka juya ƙafa kana kallon tazarar wili da robar birki, in yana matsowa yana ja baya kaɗan ɗaurin sifok zai gyara, in kuwa yana tsalle sama da ƙasa ko akwai wurin da ya lotsa, lissafa kuɗin sabon wili. Ka matsa sifok bibbiyu da hannu ka ji ko akwai sakakku ko tsinkakku. Ka kama taya ka girgiza ta hagu da dama, in tana ƙwas-ƙwas boris ya saki ko ya ci. Ka kama sandar feda ka yi mata haka ita ma, a baƙin keke sau da yawa kwata fin, ɗan ƙarfen da yake riƙe sandar a wurinta, shi ne ya gaji, wannan ƙaramin abu ne, amma in ramin sandar ne ya buɗe sai an canja ta. Ka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuya yana motsi a duba shi. Ka ja kaca daga gaban faranti, in ta ɗago har kana hango haƙori a ƙarƙashinta ta gama aiki, haƙoran kuma in sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, faranti da firi da kaca duk tare za a canja, sabuwar kaca a tsohon firi tsalle take yi. Kar ka manta ka sa a kwance sandar sirdi a gabanka, akwai wadda tsatsa ta kama ta har abada.

Daga nan ka hau. In mai kaya ya ce ba a hawa, ce masa Allah ya ba da kasuwa ka yi gaba. Ka taka da ƙarfi a tsaye ka ji ko firi yana zamewa, ka sassauta hannu ka ga ko yana ja gefe ɗaya.

Wane birki ya fi?

Wanda yake kamawa. Birkin ƙarfe na baƙin keke ba ya tsinkewa kamar waya kuma yana shekaru, amma yana so wili ya zama a miƙe, kuma in ruwan sama ya jiƙa wilin ƙarfe sai ka matse ka ji kamar ba ka matse ba na 'yan daƙiƙu, da damina ka fara birki tun daga nesa. Birkin waya a wilin alminiyam ya fi shi kamu nesa ba kusa ba. Ɗan Japan yawanci yana da wani birki a tsakiyar ƙafar baya mai kama da gwangwani, in ya tsufa yana ƙara kamar ana yanka akuya, kar ka yarda a zuba masa mai don ya yi shiru, zai yi shirun amma ya daina kamawa. Akwai kuma na Turai da ake taka feda baya ya tsaya, yana da kyau ba ruwansa da laka, sai dai in kaca ta zame ba ka da birki sam, don haka dole a samu na hannu a gaba. Kowane iri ne dai, biyu ake so, gaba da baya, ba ɗaya da silifas ba.

Ƙarfe ko alminiyam?

Ƙarfe in ya tsage mai waldan bakin titi zai ɗinke maka shi, alminiyam sai ka sha yawo kuma ba lallai ya riƙe ba. Alminiyam ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya tsatsa. Mai ɗaukar kaya ya sayi ƙarfe.

Ina da tsohon mai giya a gida, zan iya mayar da shi mara giya?

Za ka iya, ka fara duba inda ƙafar baya take shiga. In ramin dogo ne a kwance yadda za a iya ja da ƙafar baya ko gaba, an gama, a cire kayan giya a zaɓi haƙoran da suka yi layi ɗaya da farantin gaba a yanke kaca a ja ƙafa har ta ɗame. In kuwa ramin gajere ne yana kallon ƙasa, babu wurin ja, kaca za ta zama ko ta yi sako-sako tana faɗuwa ko ta ɗame fiye da kima tana cin boris, a nan gara a bar ɗan ƙarfen giyar na baya a wurinsa a ɗaure shi a saiti ɗaya ya riƙa riƙe kacar. Ɗamewar da ake so ita ce in ka danna tsakiyar kaca ta motsa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. Abu ɗaya da ake yawan yi wanda ba shi da kyau, a bar kaca a karkace a kan tsohon jerin haƙoran giya, wata rana sai ta hau na kusa da shi mai girma ta ɗame ta ƙi motsi, har ta iya lanƙwasa sandar ƙafa.

Ina sa jallabiya ko dogon hijabi, wanne ya dace?

Mai saukakken ƙarfen tsakiya da cikakken murfin kaca, wato dai ɗan Japan ko irinsa. Wasu mazan suna jin nauyin hawa wai na mata ne, har sai ranar da kaca ta cinye musu bakin wandon shadda. Ga 'yan mata masu zuwa Islamiyya kuma a ƙara ragar nan da take rufe saman ƙafar baya, don hijabi in ya shiga sifok ba yagewa kawai yake yi ba, fizgo mutum yake yi ta wuya. Mai goyon yaro a kariya shi ma ya sa wurin taka ƙafa da abin da zai tare dunduniyar yaron daga sifok, wannan raunin masu gyara da ma'aikatan asibiti sun san shi sarai.

Nawa zan tanada?

Farashi yana bin dala da kuɗin kwastan, abin da aka saya wancan watan ba shi ne na yau ba, don haka ka zaga shago uku ko huɗu ka ji bakinsu kafin ka fara tayi. Abin da zan ce kawai kar ka kashe duk kuɗin a kan keken, ka ware wani abu na taya da tib da robar birki da giris da makulli da fitila, na hannu kusan kullum yana buƙatar biyu ko uku daga cikinsu. Duk aibin da ka gano lokacin dubawa kuma ka faɗe shi a ciniki, Alhaji ka ga fa kacar nan ta tafi, tayar baya ma ta tsage, a duba mana. Zai ce albarka, ka ƙara kaɗan, a haɗu a tsakiya.

Yaya zan kauce wa sayen na sata, kuma yaya zan hana a sace nawa?

Ka saya a wurin mai shago ko rumfa da aka sani, a rubuta maka rasit da lambar jikin keken, tana nan a buge a ƙarfe, galibi ƙarƙashin wurin feda ko kusa da sandar sirdi ko a wuya. In ka ga an goge lambar da fayil, ko wani yaro ya tare ka a lungu da keke mai kyau a rabin kuɗi yana waige-waige, ba da kai ba. Ka ɗauki hoton keken da lambar ka ajiye a waya. Makullin ɗan Japan na ƙafar baya yana hana a hau ne kawai, ba ya hana a ɗauka a jefa a bayan adaidaita, don haka ka nemi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau ka ɗaure jikin keken, ba ƙafar gaba kaɗai ba, a jikin abin da ba ya tumɓukuwa. Ƙofar masallaci ranar Juma'a da bakin kasuwa da wurin kallon ƙwallo, nan aka fi yin kuka. A wurin aiki kuwa gaisawa da maigadi kullum da ɗan abin goro ya fi kowane kwaɗo.

Kullum sai na yi faci, taya ce ko ni ne?

Duba inda hujin yake. In ƙananan huji biyu ne a jere gefe da gefe, iska ce ta yi kaɗan ka daki bakin rami wili ya cije tib, ka riƙa duba iska duk sati. In hujin ta cikin tib ne wajen wili, kan sifok ne yake sukarsa, a sa robar da take rufe su ko a yanka tsohon tib a shimfiɗa. In ta waje ne to ƙaya ce ko waya ko kwalba, kuma mai faci da yawa yana liƙe tib ya mayar bai shafa cikin taya ya ciro abin da ya huda ba, gobe ka dawo. Masu bin gefen gona da filin makaranta bayan damina su da tsidau sai haƙuri, taya mai kauri tana ragewa, wasu kuma suna yanke tsohuwar taya su shimfiɗa a cikin sabuwa, yana ƙara nauyi amma yana aiki.

Wane mai zan riƙa sa wa kaca?

Man keken ɗinki ko man inji sabo, ɗigo kaɗan a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau da yawa sannan ka goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa. Baƙin man da aka juye daga inji ana sa shi don kyauta ne, amma da ƙurar hunturu yake haɗuwa ya zama abin da yake cinye kaca da haƙora. In za ka kwance feda da kanka kuma ka tuna ta hagu a juye take, ɓangaren da kake ɗaure sauran notina nan ne ita take kwancewa.

Zan riƙa dawowa bayan isha'i, dainamo ya isa?

Dainamon da yake gogar taya yana haske ne in kana tafiya, da ka tsaya a mahaɗa ya mutu, a daidai lokacin da ka fi buƙatar a gan ka. Ka ƙara fitila mai caji a gaba da ja a baya, ta bayan ma ta fi muhimmanci don mai motar da zai buge ka daga baya yake zuwa. Ka riƙa cire su kana shiga da su ofis ko gida, in ka bar su a jiki ba za su kwana biyu ba.